Kafin a ɗaga wa mai keke tuta a Abuja

Lokaci zuwa lokaci akan ga wani matashi a ƙofar wata ma'aikata a Sakatariyar Tarayya, riƙe da keke, ya ɗaura tutar ƙasa a bayansa, da wasiƙa a hannu. Zai tafi Kano ne, ko Legas, ko wata ƙasa ta maƙwabta, domin jan hankalin jama'a kan zaman lafiya ko yaƙi da wata cuta, kuma buƙatarsa ita ce wani babba ya fito ya sallame shi. Idan ya yi sa'a, hadimin minista ko jami'in hulɗa da jama'a yakan sama masa lokaci. A tsayar da ƙarfe goma, mai girma ya fito sha ɗaya da rabi, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a ɗaga tuta. Daga nan kowa ya koma ofis, shi kuwa matafiyi ya faɗa babban titi da rana tsaka, da kayan da bai taɓa gwada nauyinsu ba da takardun da ba su kammala ba.

Niyyar masu shirya irin wannan sallama kyakkyawa ce, sai dai sun fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe. Hausawa na cewa shirin zaune ya fi na tsaye. Yawancin abubuwan da ke karya doguwar tafiyar keke, a cikin birnin da aka tashi ake iya magance su, kuma a Abuja da yawa daga cikinsu suna hannun ma'aikatan gwamnatin tarayya ne. Hadimin da ya ba matafiyi sa'a guda wajen duba takardunsa da hanyar fitarsa ya fi amfanarsa a kan wanda ya tara masa 'yan jarida ashirin.

A fara da takardu, domin kowace tana da nata agogo. Katin rigakafin cutar shawara, wanda sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya karɓi allura ranar Alhamis ya tashi ranar Asabar zai iya isa kan iyaka da katin da bai nuna ba. Fasfo kuma ƙasashe da dama suna son ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya ƙare, kuma wata shida ba komai ba ne ga mai keken da ke cin kilomita 80 zuwa 100 a rana idan hanya ta yi kyau. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga da zama na kwana 90 ba tare da biza ba, amma tun 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar. Duk mai nufin bi ta nan ya kamata ya je ofishin jakadancin kowace ƙasa da ƙafarsa ya ji halin da ake ciki, tun yana Abuja inda ofisoshin suke kusa da juna. Inda ake buƙatar biza kuwa, dole a lissafa ranar isa kan iyaka kafin a nema, don kada wa'adinta ya ƙare matafiyi yana kan hanya.

Labarin Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini, ya isa darasi. A 2023 ya hau keke daga ƙasarsa da nufin zuwa Jami'ar Azhar da ke Alƙahira, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000 cikin wata huɗu, ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi. Sau uku jami'an tsaro suna tsare shi a hanya, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo. A Chadi tafiyar keken ta tsaya, ga yaƙin Sudan da ya ɓarke a watan Afrilun shekarar a gabansa, sai da masu taimako suka tara masa kuɗin jirgi ya ƙarasa Masar. Ƙarfin ƙafa bai gaza masa ba. Shingayen bincike da halin tsaro ne suka fi ba shi wahala. Wasiƙar gabatarwa mai hatimin hukuma, da Turanci da Faransanci, wadda ta bayyana ko wane ne matafiyi da inda ya nufa da lambar da za a kira a tabbatar, ba ta hana tsarewa gaba ɗaya, amma tana gajarta tambaya a shinge. Rubuta ta aikin rabin sa'a ne ga jami'in da ya san kan aikinsa.

Sai batun keken da kayansa. Keke na zamani mai tsada yana da daɗin hawa, amma idan kacarsa ta tsinke a wani ƙauye tsakanin Kaduna da Zariya, mai gyaran da ke bakin kasuwa ba lalle ne ya samu irinta ba. Hikima ita ce a zaɓi keken da girman tayarsa ya zama ruwan dare, a sayi tib biyu ko uku da kayan faci da famfo da wayar birki tun a birni, a sa fitila gaba da baya da hular kwano. Mako guda kafin tashi, a loda kayan duka, har da ruwan sha, a yi gwaji zuwa Gwagwalada ko Bwari a dawo. A irin wannan gwaji ne jakar da ke goga taya da sirdin da ke cin jiki suke tona kansu, a lokacin da gyara bai wuce tafiyar minti ashirin ba. Haka ma kuɗi: ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa cewa kati da waya ba sa sayen abinci a ko'ina. Ƙananan takardun naira, da sefa daga 'yan canji masu rajista ga mai tsallaka iyaka, a Abuja ake tanadar su.

Mafi hatsarin sashe na tafiyar kuwa sau da yawa shi ne kilomita 30 zuwa 40 na farko. An tsara Abuja a 1979 da mota a zuciya, kuma manyan ƙofofinta uku duk titunan gudu ne. Ta arewa akwai titin Murtala Muhammad da ya bi ta Kubwa da Dei-Dei zuwa Zuba, inda tireloli da motocin haya ke cakuɗewa kafin a kama hanyar Kaduna. Ta kudu akwai titin Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya bi ta Lugbe zuwa Giri da Gwagwalada. Ta gabas akwai hanyar Keffi, ta Nyanya da Mararaba da Masaka, wadda cunkosonta ba ya buƙatar bayani ga duk ma'aikacin da ke kwana a can. A kowacce, mai keke yana raba hanya da motocin da ke gudun da bai dace da kusantar mutum ba, kuma a mahaɗar gadoji dole ya ratsa layin masu shiga da masu fita.

Sa'ar tashi ita ce babbar kariyarsa. Da safe cunkoso cikin gari yake nufa, don haka hannun fita yakan yi sauƙi, musamman Asabar ko Lahadi bayan sallar asuba, da zarar gari ya waye. Wanda ya tashi a lokacin zai wuce Zuba kafin rana ta yi zafi, ya sauka a garin da ya tsara kwana tun kafin la'asar. A hanyar Abuja zuwa Kaduna, wadda ta sha fama da masu garkuwa da mutane, wannan lissafi na rai ne. Bikin sallama na sha ɗaya da rabi yana cinye sa'o'in da suka fi daraja a ranar. Idan dole sai an yi biki, a yi shi ana gobe tafiya, a kuma nemi Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ba da rakiya zuwa bakin gari.

Za a iya cewa wannan sha'awa ce ta mutum ɗaya, kuma gwamnati tana da abin da ya fi shi muhimmanci. Gaskiya ne masu irin wannan tafiya ba su da yawa, kuma nauyin shiri a wuyansu yake tun farko. Amma titin da matafiyi ke bi sau ɗaya, shi ne wanda masinja da mai shara da ƙaramin akawu ke bi kowace rana. Tun da aka hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, sannan aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban rami a albashin da mafi ƙarancinsa naira 70,000 ne. Da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata za su iya hawan keke zuwa aiki, tsoron titi ne ya hana su. Tsoron yana da tushe. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su rungumi keke, mota ta ture shi cikin rami yana kan kekensa a Abuja. An yi ta dariya a lokacin, amma tambayar da haɗarin ya tayar tana nan fiye da shekara ashirin bayan haka. Hawan keke na ranar 3 ga Yuni, Ranar Keke ta Duniya, da ake yi da rakiyar jami'ai, ba ya amsa ta, domin washegari rakiyar ta watse.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin Hukumar Babban Birnin Tarayya ba: layin keke da aka raba da shinge a ƙananan titunan da ke gefen hanyar Kubwa da ta filin jirgi, hanyar turawa a gadojin masu tafiya a ƙafa, da wurin ajiye keke mai tsaro a Sakatariya. Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowane hadimi zai iya yi a wannan makon. Idan matashi ya zo da keke da wasiƙa, a zaunar da shi, a tambaye shi ranar da ya yi allura, da ranar da fasfonsa zai ƙare, da ƙofar da zai fita, da garin da zai kwana a daren farko. Idan ya kasa amsawa, a taimaka masa ya samo amsa, ko da tafiyar za ta jinkirta da mako biyu. Sannu ba ta hana zuwa, hoton kuma ana iya ɗauka bayan an gama.