RAV4 Ko CR-V: Wacce Ta Dace Da Ma'aikacin Gwamnati?

Kamar yadda dattawan ma'aikata za su iya tunawa, an yi zamanin da ba a jayayya game da motar da babban ma'aikaci zai hau. Tun daga 1975, lokacin da aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, Peugeot 504 ce ta zama alamar wanda ya kai matsayi. Gwamnati ce ke bayar da rancen mota, a riƙa cirewa sannu a hankali daga albashi. Wannan zamani ya wuce. Tun bayan da aka mai da alawus-alawus ɗin ma'aikatan tarayya kuɗi a hannu a 2003, ma'aikaci shi ke neman motarsa da guminsa, ko dai ta hanyar adashi, ko rancen ƙungiyar gama-kai ta ofis, ko kuwa ya jira kuɗin sallama.

A yau, idan aka leƙa wurin ajiye motoci na kowace sakatariya daga Sakkwato zuwa Maiduguri, za a tarar da ƙananan jif iri biyu sun fi yawa, watau Toyota RAV4 da Honda CR-V. Dukansu 'yan ƙasar Japan ne, kusan tsara ɗaya, domin RAV4 ta fito a 1994, CR-V kuwa ta biyo bayanta a 1995. Kusan dukan waɗanda ake hawa a nan tokumbo ne, mafi yawansu daga Amurka da Kanada. Tun da yake kuɗin da ma'aikaci zai zuba a kan ɗayansu ya kan kai tarin shekaru, wajibi ne a auna su da sikeli na gaskiya, a bar son rai da daɗin bakin dillalai.

Abu na farko da mai albashi zai tambaya shi ne shan mai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tashi, har ta haura naira 1,000 a wurare da yawa cikin 2024. A wannan fanni motocin biyu kunnen doki suka yi, muddin ana maganar masu silinda huɗu. Bisa ga gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, RAV4 ta 2013 da CR-V ta 2012 kowaccensu tana cin wajen kilomita 10 da lita ɗaya a cikin gari, da wajen 13 a babbar hanya. Ke nan tafiyar Kano zuwa Kaduna, mai nisan kimanin kilomita 230, za ta ci wajen lita 18, in hanya ta yi kyau kuma inji yana da lafiya. Tankin RAV4 yana ɗaukar lita 60, na CR-V kuwa 58.

Amma fa akwai tarko guda. Daga 2006 zuwa 2012 Toyota ta yi wata RAV4 mai silinda shida, mai ƙarfin doki 269, wadda matasa ke sha'awa saboda gudunta. Wannan a cikin gari da kyar take cin kilomita 8 da lita ɗaya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 cikin sa'a a kan tagwayen hanyoyi, saboda haka wannan ƙarfi da ake ta yabo ba shi da inda za a kai shi. Ma'aikacin da ya saye ta ya sayo wa kansa dokin da zai cinye harawar gida duka.

A zirga-zirgar yau da kullum, daga gida zuwa makarantar yara, daga can zuwa ofis, a dawo ta kasuwa, ko shakka babu CR-V ta fi daɗin sha'ani. Sitiyarinta ya fi sauƙin sarrafawa, kujerun baya sun wadaci manya uku, kuma daɓenta na baya shimfiɗaɗɗe ne. Tun daga samfurin 2007 Honda ta ɗauke safaya daga jikin ƙofar baya ta sa ta ƙarƙashin but, ta kuma mai da ƙofar mai ɗagawa sama. RAV4 kuwa ta ci gaba da goya safayarta a baya har zuwa 2012, da ƙofa mai buɗewa gefe, wadda ba ta buɗuwa sosai idan wata mota ta matso a baya, kamar yadda yakan faru a cunkoson Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari. Sai a samfurin 2013 Toyota ta gyara wannan.

A babbar hanya ma, idan kwalta ce mai santsi, CR-V ta 2007 zuwa 2014 tana da giya biyar, alhali RAV4 mai silinda huɗu giya huɗu kawai take da su har zuwa 2012, don haka injinta ya fi ƙara idan an miƙa. Sai dai daga 2013 al'amarin ya juya, RAV4 ta sami giya shida, ta zama mai natsuwa a doguwar tafiya.

To, amma hanyoyin ƙasar nan ba duka ne santsi ba. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai nisan kimanin kilomita 375, an fara sake gina ta a 2018, kuma matafiya sun shafe shekaru suna bin hannu ɗaya da ratse-ratse. Ban da wannan, kusan kowane ma'aikaci yana da ƙauyen da yake komawa lokacin salla ko biki ko rasuwa, inda kwalta ke ƙarewa a shiga burji da yashi da zaizayar damina. A nan ne RAV4 ta 2006 zuwa 2012 take nuna kanta, domin cikinta ya ɗaga daga ƙasa da wajen santimita 19, kuma makanikai da yawa suna shaidar ƙafarta ta fi jure ramuka. Ya kamata mai saye ya sani cewa samfurin 2013 an sauke shi zuwa wajen santimita 16, watau kusan daidai da CR-V ta lokacin. Haka kuma ba kowace jif ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su ƙafafun gaba kawai ke ja, kuma yashi ba ya jin kunyar sunan mota.

Inda hukunci ya fi nauyi shi ne wajen gyara, domin Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kowaccensu tana da lagonta. Injin RAV4 mai lita 2.4, na 2006 zuwa 2008, ya yi suna wajen shan baƙin mai, har Toyota da kanta ta amince da matsalar ta tsawaita garanti a Amurka. Wanda ya maye gurbinsa a 2009, mai lita 2.5, ya warke daga wannan ciwo, kuma yana cikin injunan da suka fi aminci. A ɓangaren Honda, injin lita 2.4 ƙaƙƙarfa ne ƙwarai, sai dai na'urar sanyaya ɗaki ta tsofaffin samfura, musamman na 2002 zuwa 2006, takan mutu, abin da ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga mai zaune a Sakkwato cikin watan Afrilu.

Babban abin lura shi ne canjin da Honda ta yi daga 2015, lokacin da ta koma wani irin giya da ake kira CVT, mai aiki da bel ɗin ƙarfe maimakon haƙora. Wannan giya tana rage shan mai, amma tana da man da aka yi domin ita kaɗai, kuma in makaniki ya zuba mata man giya na gama-gari, to an kama hanyar asara. A 2017 kuma aka ƙara da ƙaramin inji mai lita 1.5 mai turbo, wanda ke bukatar baƙin mai na ainihi da canji a kan kari. A ƙasar da jabun mai ya yi yawa, kuma makanikin bakin titi ya fi sabawa da tsohon tsari, wannan ci gaba yana iya zama nauyi. Toyota ta tsaya kan giya ta al'ada a RAV4 ta Amurka mai amfani da fetur zalla, kuma kayan gyaranta suna samuwa a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, har ma da ƙananan garuruwa. Shi ya sa ko an tashi sayarwa, RAV4 ta fi riƙe darajarta, ko da yake wannan ne kuma ya sa ta fi tsada tun wajen saye.

Bisa ga waɗannan dalilai, ra'ayin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, ma'aikacin da mota ɗaya tak zai iya mallaka, wanda kuma ke haɗa gari da ƙauye, RAV4 mai silinda huɗu ta 2009 zuwa 2018 ita ce ta fi dacewa da shi. Wanda harkarsa ba ta wuce cikin birni da kwalta ba, kuma yana da iyali masu yawa, CR-V ta 2012 zuwa 2014 za ta ba shi jin daɗi a kan kuɗi mai rangwame, tun da ita ce ta ƙarshe mai tsohuwar giya.

Duk da haka, tarihin motar ya fi sunanta muhimmanci. Da yawa daga cikin tokumbon Amurka an sayo su ne a gwanjon kamfanonin inshora bayan haɗari ko ambaliya. Kowace mota tana da lamba ta musamman mai haruffa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, wadda da ita ake bincika tarihinta ta intanet. Agogon tafiyar motocin Amurka mil yake ƙirgawa, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, ga shi ana iya mai da shi baya. A tabbatar an biya kuɗin fito na kwastan, a kuma tafi da amintaccen makaniki wanda ba shi da kamasho a cinikin. Ɗalibai, waɗanda su ne ma'aikatan gobe kuma su suka fi sanin kwamfuta, suna iya taimaka wa iyayensu da wannan bincike kafin a biya ko kwabo. Rigakafi, in ji masu magana, ya fi magani, kuma kuɗin sallama ba a karɓarsu sau biyu.