Akwatin tsohon bakanike: a sayar ko a ajiye?

Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. To amma idan mai gatarin ya kwanta dama, ya bar magada waɗanda ba su iya sara ba, nan ne magana take tashi. Haka ta faru a wani gida cikin birnin Maraɗi, inda wani dattijo bakanike ya rasu ya bar mata guda, ɗiya maza biyu da ɗiya mace guda. An raba gida da gona lami lafiya. Abin da ya kusa ɓata zumunta shi ne wani jan akwatin ƙarfe mai aljihu-aljihu, wanda mutum biyu suke ɗauka da ƙyar, cike da kayan aikin kanikanci.

Marigayin ya shiga gareji yana yaro, zamanin da gyaɗa take sarauta a Maraɗi da Damagaram, manyan motoci suna jigilarta zuwa Kano inda jirgin ƙasa yake ɗauka. Ya buɗe ido da motocin Berliet na birnin Liyon, irin kamfanin da motocinsa suka ratsa Tenere a 1959 da 1960. Ya ga zuwan Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a 1960, ya ga 504 ta cika hanyar Ɗan Isa da Jibiya bayan an buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Akwatin kuwa ya saye shi ne hannun wani Bature mai gareji da zai koma gida, bayan farin 1973 da 1974 ya karya cinikin gyaɗa. Tun daga ran nan ba a taɓa ganin mabuɗinsa a hannun kowa ba, sai a ƙarshen rayuwarsa da ya miƙa shi ga babban yaronsa na gareji, wanda ya shekara ashirin a ƙarƙashinsa.

Kwana biyu bayan sadakar arba'in sai ga dillali ya yi sallama. Ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya taɓe baki, ya ce tsofaffin ƙarafa ne, amma saboda mutunci ya taya jika 150. Babban ɗan, ɗan kasuwa ne a babbar kasuwa, ya ga kuɗi a hannu sun fi ƙarfe a ɗaki. Ƙanensa ma'aikacin gwamnati ne a Yamai, ya ce albarka tun kafin a tambaye shi, domin ya gani a intanet Turawa suna sa wa irin wannan akwati kuɗi masu yawa. Ya ce: «Yaya, mutumin nan ya san abin da ya gani, shi ya sa ya yi sammako.» Wan ya amsa: «Ai Turawan naka ba su zo Maraɗi ba, shi kuwa ga shi a zaure.» Da kawunsu ya ga murya ta fara tashi, sai ya ce a rufe akwatin, ba mai sayarwa, ba mai ajiyewa, sai an san abin da ke ciki. Gani ya kori ji.

Aka kirawo tsofaffin kanikawa biyu, sa'o'in marigayin, waɗanda ba su da niyyar saye. Wannan sharaɗi ne babba, domin wanda yake son abu ba ya yi masa kuɗi da gaskiya. Aka shimfiɗa tabarma, aka zube kayan, ma'aikacin ya ɗauki biro da takarda yana rubuta kowane ɗaya da lambarsa.

Abu na farko da dattawan suka duba shi ne tambarin da ke jikin ƙarfe. Yawancin kile, wato abin da a hayin Najeriya ake kira sufana, na Facom ne, kamfanin da aka kafa a Paris a 1918, wanda ya yi suna da alkawarin musanya kayan hannu in sun karye a kan aiki, kafin kamfanin Stanley na Amurka ya saye shi a 2006. Akwai ƴan kaɗan na Gedore da Hazet, dukansu na garin Ramshaid a Jamus. Akwai zarto mai tambarin zaki, domin gidan Peugeot ya daɗe yana ƙera zarto da kayan aiki kafin ya fara ƙera mota. A can ƙasa kuma aka tarar da hannu guda da kawunansa na Snap-on, kamfanin Amurka da ya fara a 1920 da dabarar hannu ɗaya mai karɓar kawuna iri-iri. Masu tara kayan da suna son nasa, saboda ya saba buga wata ƴar alama a jikin ƙarfe wadda take nuna shekarar ƙira. Sauran kuwa kayan tasha ne marasa suna, irin waɗanda suka cika kasuwa bayan an karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, sa'ad da kayan Faransa suka ninka kuɗi dare ɗaya, kanikawa suka koma ga masu araha.

Abu na biyu shi ne lafiyar kayan. Suna ba ya kwance noti. Dattawan suka riƙa gwada kowace kile a kan noti sabo: wadda bakinta ya buɗe, tana rawa, an ware ta, domin irinta ce take cinye kusurwar noti ta bar bakanike da aikin kwana guda. Suka duba tsatsa, suka bambanta ta sama, wadda mai da tsumma suke gogewa, da wadda ta ci rami cikin ƙarfe. Suka jawo kowane aljihu su ji ko yana tafiya sumul, suka kifa akwatin su ga gindinsa, domin nan ne damina take fara ɓarna. Suka kuma ƙirga jeri, tun daga lamba 6 har 32. Jeri cikakke ya fi tarkace daraja nesa ba kusa ba, kuma lambobin da suka fi ɓata su ne waɗanda aka fi aiki da su: 10, 13, 17 da 19. A nan aka ga kulawar marigayin, lamba 10 kaɗai ce ba ta asali ba.

Abu na uku shi ne ko kayan suna da aiki a motocin yau. Kile mai awon milimita ba ta tsufa, domin notin Toyota da na Peugeot duk da ita ake kwance su. Amma an sami aljihu guda cike da masu awon inci, na tsofaffin Land Rover da Bedford na Ingila. Inci guda milimita 25,4 ne, rabinsa 12,7, saboda haka kile mai rabin inci ba ta shiga noti mai lamba 13, ko da ido yana ganin kamar ɗaya ne. Haka kuma kayan gyaran kafireto sun rage kasuwa, tun da motocin da suke shigowa yanzu na'ura ce take auna musu mai, kuma sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu. Waɗannan ba su zama banza ba, sai dai mai nemansu ɗaya ne cikin ɗari.

Da aka gama, babban dattijon ya ce akwati ɗaya ne, amma kuɗinsa uku. Akwai kuɗin ƙarfe, wanda masu sayen tsohon ƙarfe a kilo za su biya, kamar yadda ake yi a kasuwar Katako ta Yamai: shi ne mafi ƙanƙanta, kuma shi ne dillali yake so a riƙa tunawa. Akwai kuɗin aiki, wato abin da bakanike zai kashe ya tara kaya masu wannan ƙwari ɗaya bayan ɗaya, a Maraɗi ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, a cire na tsufa. Sai kuɗin sha'awa, na masu tara kayan da. A kan kuɗin aiki dattawan biyu suka tsaya ga jika 400.

Shi kuɗin sha'awa gaskiya ne, amma yana da ƙaya. Abin da ake gani a intanet yawanci kuɗin da mai kaya ya sa ne, ba wanda aka sallama ba, kuma kowane ɗan kasuwa ya san tazarar da ke tsakanin suna da sallamawa. Yuro guda tamma 656 ne in an cika, shi ya sa lambar take cika ido idan an juya ta sefa. To amma mai sayen yana bayan teku, Nijar ba ta da gaɓa, akwatin kuma nauyi gare shi. Kuɗin mota, na jirgi da na duwan suna iya cinye ribar kafin ya isa. Bugu da ƙari, masu tara kayan da suna son fenti na asali, tambari na asali da mabuɗi na asali. Ma'aikacin ya so a kai akwatin a fesa masa sabon fenti domin ya ƙara kyau, dattawan suka hana. Sabon fenti yana rage masa daraja wurin masu sha'awa, ba ya kuma ƙara masa kome wurin mai aiki. Mai da tsumma sun isa.

Daga nan kawu ya aika aka kirawo malamin da ya raba gadon, domin akwatin dukiyar magada ne, ba na babban ɗa ba, ba na wanda ya fi son uba ba. Malam ya tambaya ko da sauran bashi ko wasiyya, aka ce babu. Ya ce to a kan jika 400, mata tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, jika 50. Saura 350 a kasa biyar, namiji rabo biyu, mace rabo ɗaya: kowane namiji jika 140, mace jika 70. Wanda yake son akwatin ya zauna a gida, hanya a buɗe take, sai ya biya sauran rabonsu. Ma'aikacin ya yi shiru. Albashi wata-wata ne, ga kuɗin haya a Yamai, ga yara a lakkol. Jika 260 ba abin da zai zaro daga aljihu ba ne domin akwatin da zai kulle a ɗaki yana tsatsa.

Kafin a watse sai dillali ya komo, wannan karo da jika 450 a hannu. Abin da ya kira tsofaffin ƙarafa ya ninka uku cikin mako guda. Babban ɗan ya fara lissafi, ya kuwa yi gaskiya: kuɗi lakadan ne, kuma sun zarce abin da dattawa suka yanke.

Sai uwar, wadda take cikin takaba ba ta ce uffan ba tun farko, ta sa aka kira su ƙofar ɗakinta. Ta tambaye su ko sun san daga ina cefanen gidan yake fitowa tun da mahaifinsu ya kwanta ciwo. Ba wanda ya amsa. Ta ce yaron gareji ne yake kawowa kowace Juma'a, da waɗannan ƙarafa yake nemo shi, kuma ran da aka ɗauke akwatin, ran nan gareji ya mutu, yara huɗu masu koyon aiki su watse. Ta ce: «Rabona ne kaɗai nake da iko da shi, ban hana kowa nasa ba. Amma ku tambayi yaron nan kafin ku sallama wa baƙo.»

Aka kira shi, ya durƙusa. Ya ce: «Alhaji, ba ni da jika 450, ba ni ma da 400 a yau. Ina da 100 da na tara. In kun yarda, in riƙa biyan 25 kowane wata har shekara.» Babban ɗan ya daɗe yana juya maganar. Ya san haɗarin bashi fiye da kowa, ya kuma san jika 50 ake so a bari, ko da yake la'adar dillali za ta rage wani abu a ciki. Amma ya lissafa abin da ba ya cikin tayin dillali: in gareji ya rufe, cefanen Juma'a a wuyansa zai faɗo. Ya ce ya yarda, bisa sharaɗi uku: a rubuta takarda da shaidu, a haɗa ta da jerin kayan da aka ƙirga, kuma a fara biyan uwa da ƙanwa kafin maza su karɓi ko dala. Aka buga wa ƙanwar waya a Tasawa inda take aure, ta amince da bakinta, domin ba a yafe rabon wani a bayan idonsa.

Ma'aikacin ya roƙi abu guda: wata tsohuwar kile mai buɗewa da tsukewa, wadda hannunta ya sha gumi har tambarin ya shafe. Da ita ya tashi yana ganin mahaifinsa. Magada suka yafe masa, mai saye ya yarda a cire ta daga jerin ba tare da an rage kuɗi ba. Ya sa ta cikin jakarsa ya koma Yamai.

Ba kowane gida ne zai yanke haka ba, kuma ba dole ne ya yanke haka ba. Inda babu mai aiki da kayan, ga marayu ƙanana ko bashi a wuya, sayarwa ga wanda ya fi tayi ita ce daidai, ba abin kunya ba ce. Abin da bai kamata ba shi ne a sallama kafin a ƙirga, ko a bar mai saye ya zama shi ne mai yin kuɗi, ko kuma a kulle kayan aiki a ɗaki da sunan tunawa da mamaci alhali rabon mata yana ciki. Masu irin wannan akwati a gida, na bakanike ne, na kafinta ko na tela, su rubuta abin da ke ciki tun suna da rai, su faɗi wanda suke so ya riƙe, su rage wa na baya wahala.

Allah shi jiƙan magabata, shi sa albarka a sana'ar hannu.