Minshari Ya Tsaya, Amma Da Sauran Aiki

Tun da likita ya ɗora Baba kan na'urar CPAP saboda ɗaukewar numfashi cikin barci, minshari ya tsaya, muka ɗauka an gama. Amma kullum da ciwon kai yake tashi, ga gyangyaɗi a rumfar goro. Muka maƙala masa ma'aunin yatsa da dare, sai ga oksijin ɗinsa ƙasa da 90, alhali na mai lafiya daga 95 yake farawa. Abokansa suka ce a sayo tukunyar oksijin. A ganina ganganci ne, ba a san dalili ba. Muka koma asibiti, ashe takunkumin ne ke yoyon iska. Don Allah ku riƙa aunawa, ku kai wa likita. Allah Ya ƙara lafiya.