Sifika Da Talabijin A Mota: Direba Ya Sayi Abin Da Batirinsa Zai Ɗauka

Duk wanda ke shiga motar haya daga Gaya ko Ajingi zuwa Kano, ta Wudil da Mariri, ya san yadda kayan sauti suka zama abin gasa a tsakanin direbobi. Wannan ya cusa ƙatuwar sifika a ƙarƙashin kujerar baya, wancan ya maƙala allon kallo a gaban sitiyari, wani kuma ya haɗa duka biyun da fitilu masu walƙiya. Nishaɗantar da fasinja ba laifi ba ne, tunda mai sauraron labarai ko karatu ko wasan kwaikwayo ba ya jin nisan hanya. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake sayen kayan da yadda ake ɗaura su, domin a nan kuɗin direba ke zurarewa, wani lokacin har da ran mutane.

A Amurka da Turai akwai motocin shaƙatawa masu gado da wurin girki, waɗanda iyali ke yawo da su lokacin hutu. Masu irin waɗannan motoci sun daɗe da fahimtar cewa batirin da ke tayar da inji ba na kallo ba ne. Saboda haka suke saka batir na biyu domin fitila da talabijin da rediyo, su bar na farko ya yi aikin da aka ƙera shi dominsa. Ba a saba ganin irin waɗannan motoci a gabashin Kano ba, amma darasin ya shafi duk mai Sharon ko Golf ko bas ɗin Hummer da ke jiran lodi a tasha.

Lissafin ba shi da wuya. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Idan an rubuta 60Ah a jikinsa, abin da yake ɗauke da shi wat 720 ne na awa ɗaya, wato 12 sau 60. Ko da an ce za a ci rabi a bar rabi, wat 360 ke nan. Rediyon mota mai sifiku huɗu da ƙaramin talabijin, idan suka haɗu suna cin wat 50, za su yi kusan awa bakwai kafin su cinye wannan rabin. Amfilifaya mai jan wat 300 kuwa, awa ɗaya da 'yan mintuna ta ishe ta. Kuma wannan lissafin sabon batir ne. Tsohon batirin da ya sha zafin bazara ba zai kai haka ba, ga shi kuma batirin tayar da inji ba ya son a riƙa zuƙe shi sosai, duk zuƙewa tana rage masa kwana. Shi ya sa ake ganin mota ta cika da fasinja, a murɗa makulli ta yi shiru, sai 'yan kamasho da yaran tasha sun tura.

Wasu direbobin na kauce wa wannan ta hanyar barin inji a kunne yayin jiran lodi. A da ana iya kawar da kai. Amma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa bayan nan. Direban da zai kai balas da yamma, in ya ƙona mai a tsaye domin sifika ta yi ƙara, cefanen gidansa yake ƙonawa.

To, me ya kamata a saya? Ga motar haya, rediyo guda mai ɗaukar filas da memori da Bluetooth, tare da sifiku huɗu, biyu gaba biyu baya, sun wadatar. Rarraba sifiku ya fi ƙara musu ƙarfi amfani, domin na kujerar baya zai ji ba tare da an kurumta na gaba ba. Kada lambobin da ke jikin kwali su ruɗi mai saye. Idan aka ga an rubuta wat 1000 ko 2000 tare da haruffan PMPO, wannan lambar talla ce. Lambar da ke nuna ainihin ƙarfin sauti ita ce mai ɗauke da RMS, kuma yawancin rediyon mota ba su wuce wat 15 zuwa 20 ga kowace sifika a wannan ma'aunin ba. A cikin mota rufaffiya, wannan ya isa har ya yi saura. Mai amfani da faifan CD ko DVD kuma gara a haƙura da shi, domin ƙurar hunturu da gargadar hanyoyin ƙauye ba sa barin sa ya daɗe.

Wanda ke son talabijin ya nemi ƙarami mai aiki kai tsaye da bolt 12, irin wanda masu sola ke sayarwa. Ɗauko talabijin na gida a haɗa shi da inbata asara ce, tunda inbatar kanta tana cinye wani kaso na wutar kafin ta miƙa sauran. Masu manyan motoci da ke ɗaukar shanu da hatsi daga kasuwar Wudil zuwa kudu su tuna cewa yawancin motocinsu bolt 24 ne, kayan bolt 12 na buƙatar na'urar rage wuta, in ba haka ba nan take za su ƙone. Haka kuma kada a yaudari kowa da batun kama tashoshi a kan hanya. Dish na tauraron ɗan'adam irin na gida sai an saita shi a wuri ɗaya yake kamawa, eriya kuma tana yankewa da zarar mota ta yi nisa da birni. Abin da aka tura a filas shi ne zai yi aiki. Labarai kuwa, gidajen rediyon FM na Kano irin su Freedom da Radio Kano sun isar.

Wurin ɗaura allon ya fi girmansa muhimmanci. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Direban da ya saci kallon fim na daƙiƙa biyu ya yi tafiyar mita 44 ido rufe, a kan hanyar da babura da amalanke da dabbobi ke tsallakawa ba sallama. Allo na fasinja ne, don haka wurinsa bayan kujerar direba, inda idonsa ba zai kai ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana kama direba a kan amfani da waya yana tuƙi. Allon da ke wasa a gaban sitiyari bai fi wayar sauƙi ba, ya kamata jami'anta su sa masa ido.

Sai batun waya da fiyus. Sau da yawa ana jawo wuta kai tsaye daga kan batir da siririyar waya, a murɗa, a naɗe da leda, a tura ƙarƙashin kafet. Ranar da ƙarfe ya yanki rigar wayar, za ta yi ja kamar garwashi, alhali ga soso ga kujera ga galan ɗin mai a but. Fiyus da aka saka kusa da kan batir shi ke yanke wutar kafin a kai ga haka, kuma kuɗinsa bai kai kuɗin mota daga Gaya zuwa Wudil ba. Mai wayarin da ya ɗaure fiyus da guntun waya don kada ya sake yankewa, ya cire wa motar mai gadinta. Tarihi ya san Gaya da maƙera, har ana danganta asalin mazauna Dala da maƙeran da suka taso daga can. Masu aikin hannu na yau a garin su ne magadan wannan suna, bai dace aikin ha'inci ya fito daga hannunsu ba.

Akwai kuma haƙƙin kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, kuma lokacin yana raguwa sosai da zarar ƙarar ta ƙaru. Fasinja awa ɗaya ko biyu zai yi ya sauka, direba da yaron motarsa ne ke wuni a ciki kullum. Ma'auni mai sauƙi shi ne: in sai fasinja ya ɗaga murya kafin direba ya ji "akwai sauka", ƙarar ta yi yawa. Direban da bai ji fasinjansa ba, ba zai ji hon ɗin tirelar da ke bayansa ba.

Abin da ake kunnawa ma abin dubawa ne. A mota ɗaya akan samu dattijo da surukarsa, da uwa da 'ya'yanta, da mara lafiyar da ake kai wa asibiti a Kano. Ba su zaɓi juna ba, ba su kuma zaɓi abin da za su kalla ba. Direba mai mutunci zai saka abin da ba zai sa kowa sunkuyar da kai ba, ya kuma rage sauti idan an roƙe shi.

Masu motocin talla da na maganin gargajiya da ke zagaya kasuwannin ƙauye su ne suka fi kowa buƙatar batir na biyu, tunda a tsaye suke wuni. Batir daban mai jure zuƙa, da faifan sola a saman mota, da lasifika mai ƙaho guda ko biyu da ƙaramar amfilifaya, sun isa a ji su a faɗin kasuwa. Su ma su san inda za su kashe: kusa da asibiti, da makaranta, da lokacin salla.

Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Gaya da Ajingi suna da ikon da ya fi na kowane jami'i a nan, domin su ke ba da layin lodi. Za su iya shardanta cewa motar da ke da allo a gaban direba, ko waya marar fiyus, ba za ta yi lodi ba sai an gyara. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko jiran umarni daga Kano. Direban da ke shirin zuwa Sabon Gari sayen kayan sauti kuma, ya fara buɗe bonet ya karanta lambar da ke jikin batirinsa, sannan ya yi ciniki daidai da ita.