Ba Aljani Ba Ne: Cutar da Ke Hana Mata Haihuwa a Karkarar Kano

A Dawakin Kudu, da ƙauyukan noman rani na Kura da Bunkure, matar da ta shekara biyu ba ciki takan sha gori, a kira ta juya, a ɗora wa aljanu laifi. Ƙarshenta kishiya ko saki.

Bincike ya nuna sau da yawa matsalar daga ƙwaƙwalwa take farawa. Wani sashe nata yana sakin sinadarin GnRH kashi-kashi, shi ke umartar gidan ƙwan mace ya saki ƙwai kowane wata. A 2003 masana a Faransa da Amurka suka gano cewa sinadarin kisspeptin ne ke kunna wannan tsari. A cutar PCOS sakin yakan yi sauri fiye da kima, sai sinadarin maza ya ƙaru, al'ada ta rikice, ƙwai ya ƙi fita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikinsu ba a gano ta ba. Alhali tana da magani: ƙwayar letrozole kan sa ƙwai ya fita.

Gano ta na buƙatar gwajin jini da hoton mara, wanda yakan tilasta wa mace zuwa birni, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Muddin gwamnatin Kano ba ta kai waɗannan gwaje-gwaje asibitocin ƙananan hukumomi ba, aure zai ci gaba da mutuwa kan cutar da ake iya magancewa.