SOJAN GONA: KAKIN BOGI YA ISHE MU A ZAMFARA



Duk ɗan Zamfara ya san abin da ya faru a daren Juma'a 26 ga Fabrairu, 2021, lokacin da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe suka kora ɗalibai daji. Sai ranar 2 ga Maris aka sako yara 279. Abin da mutane suka manta shi ne, shaidu sun faɗa wa manema labarai cewa wasu daga cikin maharan sanye suke da kayan jami'an tsaro.

Talakanmu idan ya ga kaki, tsayawa yake yi, don yana zaton taimako ne ya zo. Wannan amanar ce ɗan sojan gona yake sacewa tun kafin ya taɓa aljihun kowa. Yau direban da ya taso daga Mafara zuwa Bakura ko Maradun, idan ya hango shinge a hanya, sai gabansa ya faɗi: jami'ai ne ko ɓarayi? In ya tsaya, ƙila a yi daji da fasinjojinsa. In ya ƙi tsayawa, ƙila jami'in gaske ya buɗe masa wuta.

To me doka ta ce? A kundin Penal Code da Arewa ta fara aiki da shi tun 1960, sashe na 132 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi ƙaryar shi ma'aikacin gwamnati ne kuma ya yi aiki da wannan ƙaryar. Sashe na 133 kuwa, wanda ya sa kayan ma'aikata don ya yaudari mutane, iyakarsa wata 6. Jama'a, wata 6! An rubuta wannan ne a zamanin da sojan gona bai wuce mai karɓar sulalla a bakin kasuwa ba. Yau kakin nan da shi ake kwashe ƙauye guda.

Don haka muna kira ga 'yan majalisar dokokin jiha a Gusau su tsaurara hukuncin, kuma ya haɗa da telan da ya ɗinka da ɗan kasuwar da ya sayar ba tare da ganin katin shaida ba. Tun da aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, masu kayan sarki sun ƙaru a garuruwanmu, ga 'yan sanda, ga sojoji, ga sibil difens. Dole kowane jami'i ya riƙa ɗauke da suna da lamba a ƙirji, yadda mai unguwa zai iya tantance shi.

Sannan mu dawo gida, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Matasan tafiyar nan, wallahi duk wanda ya sa wando mai dabbare-dabbare irin na soja, ko ya liƙa jiniya a mota don rakiyar maigida, ya sani ba da yawunmu ba. Ranar da aka kama ka, maigida yana Abuja, mahaifiyarka ce za ta yi ta jigilar tuwo zuwa gidan yari. 'Yan ɗaya ɓangaren ma mun ga yaransu a wurin taro, su ma su ja musu kunne.

Bakura ta fitar da Yarima, Mafara ta fitar da Yari, Maradun ta fitar da Matawalle. Yankin da ya ba jiha gwamnoni uku bai kamata ya kasa samar da gyaran doka ɗaya ba. Kowa ya tura wa ɗan majalisar mazaɓarsa wannan saƙon, kuma idan ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi inda maganar ta kwana.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, Ya tona asirin azzalumai. Amin.

Daga Shugaban Matasa, shiyyar Zamfara ta Yamma.