Baƙo ya koma gida, ɗan daudu ya kwana a gari

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi ce, amma ba kowace tafiya ke buɗe ƙofa ba. A shekarun nan wani salon rubutu ya yi kasuwa a Turai da Amurka. Mutum zai saɓa jaka da kyamara, ya zaga ƙasashe yana neman mazan da ke rayuwa irin ta mata, ya kwana uku a gari, ya koma gida ya buga labari. Yau yana Indiya wurin waɗanda ake kira hijra, gobe yana Meksiko wurin muxe, jibi ya sauka Kano ko Maraɗi yana tambayar inda ƴan daudu ke zama. Daga ƙarshe ya zuba su duka cikin buhu guda, ya rubuta LGBT a jikin buhun, ya ce ya gano duniya.

Laifin farko na irin wannan rubutu shi ne raina sunan da mutane suka san kansu da shi. Hijra a Indiya jama'a ce mai gidaje da shugabanni, ana kiran su bikin haihuwa da na aure su sa albarka a ba su kuɗi. Ɗan daudu kuwa an san shi da suyar kaza da tuwon sayarwa a tasha, da hidimar biki, da kusanci da ƴan bori, da wata irin habaici da ba kowa ke iya ta ba. Da yawa daga cikinsu na da mata da ƴaƴa, suna salla, suna burin zuwa Makka. Rudolf Gaudio, Ba'amurken da ya fitar da littafi kan ƴan daudun Kano a 2009, sai da ya koyi Hausa, ya zauna da su tun shekarun 1990, kafin ya ɗora alƙalami. Wanda ya kwana uku da tafinta, me ya ji?

Laifi na biyu shi ne ƙaryar aljanna. Garin Juchitán na ƙabilar Zapotek ya yi suna a rubuce-rubucen matafiya a matsayin wurin da muxe ke zaune lami lafiya, saboda bikin da suke yi duk watan Nuwamba. A wannan garin ne aka kashe Oscar Cazorla, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa bikin, a cikin gidansa a 2019. Baƙo ya ga daren rawa, bai ga sauran kwanakin shekara ba.

Laifi na uku ya fi nauyi, domin rai ne a ciki. A 2008 wata mujalla a Dakar ta buga hotunan wani biki da ta ce auren maza ne. Aka kama mutane, wasu suka bar ƙasar, kuma sunan goor-jigeen, wanda a dā manyan matan birni ke gayyata ya yi musu hidimar biki, ya ƙara zama abin tsoro. A Najeriya dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi guda. Mutanen Maraɗi ma ba su manta da Nuwamban 2000 ba. A Yamai aka yi bikin nuna tufafi na FIMA, amma da fushi ya tashi, gidan Iya shugabar bori da ɗakunan mata masu zaman kansu aka far wa a Maraɗi. Hoton da matafiyi ya sa a intanet daga Faransa, kafin magariba ya shiga wayar maƙwabcin mai hoton. Baƙo raɓa ne, rana na ɗagawa ya bushe, mai tukunyar tuwo a tasha shi za a nuna da yatsa.

Sai dai mai fallasa matafiyi bai kamata ya rufe ido ga ƴan gida ba. Akwai masu hawa mumbari da rediyo suna rantsuwa cewa Turawa ne suka kawo daudu ƙasar Hausa. Wannan ƙarya ce, kuma tsofaffin Damagaram da Katsina sun san ƙarya ce. Kalmar ta Hausa ce, tana cikin ƙamus, tana da alaƙa da sarautar Galadima da Ɗan Galadima na bori. A Indiya ma Ingilishi bai kai hijra ba, can ya tarar da su. Abin da ya kai shi ne dokar 1871 da ta sa a rubuta sunayensu a rajistar ƴan sanda kamar ɓarayi. Sai a 2014 kotun ƙolin ƙasar ta amince da su a matsayin jinsi na uku. Mai cewa baƙo ne ya kawo, da baƙon da ke cewa shi ya gano, jirgi ɗaya ya kwaso su: dukansu sun ƙi tambayar mai abin.

Babu wanda ya nemi malami ya bar aƙidarsa, hukuncin addini na nan a littattafan malamai, masu iliminsa sun san inda yake. Abin da ake nema daga malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu bai kai haka wuya ba. Idan ɗalibi ya yi tambaya, a faɗa masa tarihi yadda yake. Idan yara suka taru suna jifan yaro a farfajiyar makaranta don tafiyarsa ko muryarsa, a tsawatar, domin babu mazhabar da ta ba taron yara sandar alƙali. Ƙungiyoyin da ke tattara waƙoƙin bori da karin magana su tattara har da wannan ɓangare na harshe, su sakaya sunaye, su tsare mutuncin masu magana. Idan baƙo ya zo da kyamara, a tambaye shi wa zai kwana a garin bayan jirginsa ya tashi. Al'ummar da ta ƙi rubuta labarinta da kanta, ba ta da bakin kuka idan ɗan kwana uku ya rubuta mata shi a karkace.